Katun ɗin Sallah da wuya a sanƙare

Salamu alaikum jama'a. Tun kafin Sallah ba ku ji ni ba, har wasu na tambaya ko an ɗauke ni ne a hanyar Zurmi. Ba a ɗauke ni ba. Sanƙarau ne ya kayar da ni.

Da ciwon kai ya fara, ranar kasuwar Shinkafi, ina dakon buhunan gero. Wuya ya riƙe. Kowa ya ce nauyin kaya ne. Inna ta kira wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya, jini ya fito baƙi, anka ce ga ciwon nan ya fita.

Bai fita ba. Washegari amai nake, ko hasken ƙofa ba na son gani.

Yayana Sale ya so kai ni asibitin Kaura da la'asar. Direba ya ce, "Mi? Yanzu? Ba mai bin wagga hanya sai gari ya waye."

A asibiti likita ya ɗaga kaina, kafaɗuna sunka biyo kamar katako. Ya dubi tabon ƙahon, ya dubi Sale. Anka lanƙwasa ni anka zuƙi ruwa a gadon bayana. Ruwan ya fito gurɓatacce. Allura safe da yamma. Awakin Inna ne sunka biya.

Gadona na fuskantar talabijin, ni kuma wuya ba ya juyawa. Abin da ke ciki shi zan kalla, ko ina so ko ba na so.

Wani katun, fim ɗin zane, tashar ke ta maimaitawa na Sallah. Daga fim ɗin nan mai kashi-kashi na direban babbar mota da yaronsa anka ciro shi, wai suna sauri su kai fasinja gida kafin Idi.

Gaskiya sun iya zana mota, har yadda bodi ke karkata idan an yi lodi gefe guda. Ƙarar ham ɗin motar ma daidai. Amma wanda ya zana hanyar bai taɓa bin tamu ba. Rana ta faɗi, suna tsakiyar daji, suna waƙa. Ni ina ta kallon bayan itatuwa, ina jiran wanda zai fito.

Akwai wurin da direban ya faɗo, kansa ya juya baya, ya sa hannu ya murɗo shi kamar murfin kwalba. Masu jinya sunka yi dariya. A lokacin ake ja wa dattijon gefena zane har kai.

Sai wata safiya katun ya zo, bakuna na motsi, ba sauti. Na ce, "Yaya, ƙara murya mana."

Sale ya dube ni. Bakinsa ya motsa. Shi ma ba sauti.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta tafa bayan kunnena. Na ga tafin, ban ji ba. Ban yi kuka ba, na dai ci gaba da kallo. Na san inda ham ɗin yake, duk sanda wurin ya zo sai in saurara.

An daɗe. Rannan na ji shi can nesa, kamar daga ƙasan rijiya, a kunnen hagu.

Na dama bai dawo ba. Likita ya ce, "Da kun zo ranar farko, da wani zancen ake."

Sale ya ce, "To ɗan Inna, yanzu ko an aike ka sai ka juya mana na dama."

Katun ɗin ku bar yara su kalla, ba laifi. Ni ba na iya sake kallonsa.

Na gode Allah. Na gode Inna, da Yaya Sale, da masu allura, da ku masu cigiyata.

In ciwon kai ya zo da zazzaɓi, ku ce mutum ya taɓa ƙirjinsa da haɓa. In ya kasa, kada ku nemi wanzami. Ku nemi mota tun rana na sama.