Ranar da Aka Ari Shanun Siwareng

Duk wanda ya taɓa shayar da dabba a kogin Suam ya san Siwareng, dogon dattijon nan na Pokot da ba ya rabuwa da 'yar kujerarsa ta katako, wanda in kun gaisa sai ya tambayi lafiyar shanunka kafin ta 'ya'yanka. Damina yana gefen Kenya, rani ya tsallaka wajen Amudat a Uganda. Iyakar ba ta taɓa damunsa ba, tunda shanu ba su san da ita ba.

Ba gado ya ci ba. Yana saurayi fari ya cinye rabin garken ubansa, mahara suka zo suka kwashe sauran, aka bar shi da ɗan bijimi guda da sandar kiwo. A shekarar ne sa'ansa Domongole ya shiga neman bijimin yanka don a yi wa mahaifinsa addu'ar samun lafiya. Siwareng ya ba shi ɗan abin da ya rage masa, shi kuma ya ba shi baƙar karsana, aka sha giyar zuma a gaban dattawa, suka zama tilia. Wanda kuka ƙulla tilia da shi ya fi ɗan'uwa: ba ka hana shi abin da ya roƙa, ba ka kunyata shi a gaban baƙo, kuma jefi-jefi ka kora masa ɗan maraƙi daga tsatson karsanar da ya ba ka. Siwareng ya yi ta kora wa Domongole maruƙa har dattawa da kansu suka ce ya isa haka, bai daina ba.

Daga baƙar karsanar nan garkensa ya tashi. Da shi ya auri Chenangat, da nononsa aka yaye ɗansu Krop da ƙannensa. Wadda ke jan garken a wannan zamanin ita ce Cheptuya, tattaɓa-kunnen waccan karsanar, baƙa wuluk, ƙaho ɗaya a karye, da ƙararrawa a wuya. Siwareng kan yi mata waƙa in suna hanyar gida, ita kuma ta riƙa kaɗa kunne kamar tana gyara masa kuskure.

Shi kuwa Domongole tuni ya ajiye sanda. Ya koyi Swahili da ɗan Turanci a wajen 'yan mishan, ya sa takalmi sau ciki, ya zama mutumin da duk motar aikin taimako ke fara tsayawa a ƙofarsa.

"Baban Krop," in ji Chenangat, "aminin nan naka sai tumbi yake yi, mu kuwa ba mu ga saniyar da yake tatsa ba."

"Ki bar bakinki ya huta, Uwar Krop. Nonon da kike kaɗawa ma daga hannunsa ya fito."

Bayan farin da ya wuce, ƙungiyar ƙasashen nan namu ta ware kuɗi a sayi shanu a raba wa matan da mazajensu suka mutu, nan da can tsallake. Domongole aka ɗora a kan aikin. Damina biyu ta zo ta wuce, abin da matan suka gani kawai shi ne an jera su an ɗauki hotonsu. Sai ga labari wai 'yan majalisar ƙungiyar, waɗanda aikinsu shi ne bin sawun kuɗin da aka fitar, za su zo su gani da idonsu.

Da hantsi sai ga Domongole a kan babur, da ƙullin sukari da taba. Ya zauna a kan kujerar Siwareng, ya sha nono mai toka irin na Pokot har ya lashe baki.

"Aminina, na zo da roƙo."

"An ba ka. Mene ne?"

"Shanun matan nan suna can mashekarin rani, bayan duwatsu. Ko yau aka taso su ba za su iso kafin jibi ba, baƙin kuma ba sa jira. In suka ga shinge fayau, sai su koma su ce mutanen Pokot ɓarayi ne, su toshe kuɗin madatsar ruwan da muke jira. Ara mini shanunka na wuni ɗaya. Su gani, su tafa, su shiga motocinsu. Kafin rana ta faɗi Cheptuya tana ƙofarka."

Chenangat tana bakin ɗaki tana wanke gora, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Wane dutse ne wannan da bai taɓa dawo da ko kofato ba?"

Domongole ya yi dariya. "Matarmu, har yanzu bakin nan bai tsufa ba?"

Siwareng ya ji kunya ta kama shi. Ba wai bai sha jinin jikinsa ba, ya sha. Amma mutumin da ke gabansa shi ne ya miƙa masa igiya ranar da ba shi da komai. Ya ce a bar maruƙa a gida tunda wuni ɗaya ne, iyayen za su je.

Ranar da sassafe ya kora su da kansa zuwa filin makaranta. Can ya tarar da wasu samari da abin huda kunne, suna maƙala wa kowace saniya tambarin roba ruwan ɗorawa mai lamba. Daidai kan tsagar gidansu suke hudawa, tsagar da kakansa ya yi wa shanunsa, ubansa ya yi, shi ma ya yi. Da aka zo kan Cheptuya ta fizge kai, sai da ya dafa mata wuya ya yi mata magana sannan ta tsaya. Da hannunsa ya riƙe ta aka huda.

"Da yamma za mu cire," in ji Domongole. "Roba ce kawai."

Rana ta take sannan motocin suka iso. Baƙin sun fito daga ƙasashe daban-daban, wasu tun daga mota suke neman inuwa. Aka jera matan, aka tsayar da kowace kusa da shanu biyu ko uku. Domongole ya yi jawabi har da share hawaye, tir. Aka tafa, wasu har sun fara duban agogo.

Amma akwai wata 'yar majalisa daga Burundi, gajeruwa mai farin tabarau, da ba ta tafa ba. Ta shiga cikin shanun da takalminta mai tsini, tana leƙa kunnuwa. Ba ta daɗe ba ta lura da abin da kowane makiyayi a filin ya riga ya gani ya kawar da kai: shanun ba sa tsayawa wajen matan. Da an sake su sai su tattaru bayan baƙar nan mai ƙararrawa, ita kuma saniyar ta nufi dogon dattijon da ke tsaye a gindin ƙaya.

Matar ta yafito wata 'yar sanda da ke jin yaren, ta zo da ita gabansa.

"Baba, ta ce shanun nan kamar sun san ka."

Kafin ya buɗe baki Domongole ya iso yana haki. "Makiyayinmu ne, ranki ya daɗe. Haya muka ɗauke shi yana kula da su." Ya faɗa da Swahili, ya kuma maimaita da yarensu don Siwareng ya ji.

Makiyayin haya. Mutumin da ya kwana a jeji da kura saboda waɗannan shanun. Maganar ta soke shi.

Mai tabarau ta ɗaga wa Domongole hannu. "Ta ce ba kai ta tambaya ba," in ji 'yar sandan. "Baba, kada ka ji tsoron kowa. Shanun wa ne?"

Ga hakimin yankin a zaune, ga 'yan sanda, ga baƙi. In ya faɗi gaskiya, a filin nan za a ɗaure Domongole a jefa a mota. Ya dubi amininsa, ya ga zufa na bin wuyan rigarsa, idonsa na roƙo. Wuni ɗaya ne, in ji zuciyarsa.

"Ni kiwonsu nake yi," ya ce. "Na matan nan ne."

Matar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta yi wa taron magana, 'yar sandan na fassarawa. Ta ce an sha yi musu wasa da hankali. Akwai inda aka nuna musu awaki iri ɗaya a ƙauyuka uku, motar awakin na riga tasu isa. Don haka ba za ta bar filin nan ba sai kowace mace ta kora shanunta gida a gaban idonta. Za a ba 'yan sandan ƙasashen biyu lambobin, likitan dabbobi zai riƙa zagayawa, kuma duk wanda aka ga saniya mai tambarin nan a shingensa, ko mai yagaggen kunne, ɓarawon dukiyar ƙungiya ne.

Matar nan ba muguwa ba ce, a gaya wa Allah gaskiya. Aikinta ta yi, ta kuma yi shi da kyau. Sai dai tarkon da ta ɗana wa ɓarawo, mai kayan ya kama.

Matan suka yi guɗa. Chepurai, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da yara biyar, ta durƙusa tana kuka da aka miƙa mata igiyar Cheptuya. Ta san saniyar, kowa ya san ta, amma ta ɗauka Domongole saye ya yi. Siwareng yana tsaye aka watsa garkensa gabas da yamma. Da ya waiga neman amininsa, ya hango shi yana buɗe wa baƙi ƙofar mota.

Ya koma gida da sanda kawai. Chenangat ta dube shi, ta dubi hanya. Maruƙa na ta kuka a shinge. Rana na gab da faɗuwa sai suka ji ƙararrawa. Cheptuya ce ta tsinke igiya, wasu na biye da ita, hantsarsu cike, suka shige shinge kamar kullum. Washegari Chepurai ta zo da ɗan sanda. Yaron ya san Siwareng tun yana ƙarami, kansa a ƙasa ya ce, "Baba, yau zan ce ɓata suka yi. In aka sake, ba ni da abin cewa."

Sau uku Siwareng yana zuwa gidan Domongole ana ce masa ya tafi taro. Da ya gaji ya kai ƙara gindin bishiyar dattawa. Nan Domongole ya zo, ya shafa wa idonsa toka, ya tsaya da takalminsa sau ciki.

"Iyayena, ku tambaye shi: akwai saniya ɗaya a garken nan da ba daga baƙar karsanata ta fito ba? Abin da na ba shi na karɓa, ban kuma ci ba, marayu na ba. Sannan da bakinsa ya ce shi makiyayi ne, a gaban hakimi. Ni na sa masa maganar a baki?"

"Don kada a ɗaure ka na faɗa," in ji Siwareng. "Kai, Domongole. Ni ka yi wa haka?"

"Aminina, kada ka ɗaga murya, muna gaban manya."

Dattawan suka yi ta tauna taba suna tofarwa. Sun san ba haka tilia take ba, ba a taɓa karɓe garke don karsana guda ba. Amma wannan 'yarsa ta sami saniya, wancan matar ƙanensa ta samu, kuma in aka tona, maganar madatsar ruwa ta mutu. Aka ce a yi haƙuri, za a duba. Har yau ana dubawa.

Bayan 'yan watanni Krop ya jiyo a rediyo cewa majalisar ta zauna a kan rahoton. Wai a duk inda suka zaga, nan ne kaɗai suka ga kuɗin jama'a yana tafiya da ƙafa huɗu, don haka a ƙara wa aikin kuɗi. Domongole yanzu mota yake hawa. In ya wuce yakan danna wa Siwareng oda.

Sauran shanun sun saba da sababbin gidajensu, don tun a makon farko Siwareng ya bi su da maruƙansu ɗaya bayan ɗaya. 'Yar maraƙin Cheptuya kaɗai ya riƙe, wata 'yar baƙa mai farin goshi, ba tambari a kunnenta, ba wanda zai ce ba tasa ba ce. Da karsana guda ya fara a da, ya ce ko yanzu zai iya. Sai dai uwar ta ƙi haƙura. Duk igiyar da aka ɗaure ta da ita sai ta tsinke, duk yamma tana bakin shingensa tana kuka, shi kuma ya ɗaga sandar da bai taɓa dukanta da ita ba ya kora ta.

Wata yamma Chepurai ta biyo ta, da ƙaramin ɗanta a goye, wuyansa kamar zare. Ba ta shigo ba, daga waje ta tsaya.

"Baba, na ji yadda aka yi. Da ina da halin mayar maka da na mayar. Amma ta hana nono. Ko ɗigo ba ta saki sai ta ji 'yarta a jikinta."

Siwareng ya dubi yaron. Ya dubi Chenangat, yana jiran bakin nan nata ya taimake shi ya ce a'a. Ita kuwa ta shiga shinge, ta kwance 'yar maraƙin, ta sa masa igiyar a hannu.

Shi ya raka su har gidan Chepurai, yana gaba da 'yar maraƙin, Cheptuya na biye tana lasar bayanta. Ya nuna wa matar gefen da saniyar ta fi son a tsuguna mata, ya ce kada a taɓa mata karyayyen ƙahon. Sannan ya kwance ƙararrawar ya juyo da ita a hannu, ya cusa yatsa a ciki don kada ta yi ƙara.

Tun daga ranar Cheptuya ba ta sake zuwa ƙofarsa ba.