Barcin Maje na Rana

Shekara ashirin da uku Luba ta yi tana goge ɗakunan karatu a Bloomsbury, tana kwashe sharar masu digiri, ita ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma ku ba ta lamba ku ga aiki. Lambar bas, lambar ɗaki, lambar waya, in ta gani sau ɗaya ta zauna ke nan. Mutumiyar Fagge ce. Aure ya kawo ta Landan, wurin Maje direban bas, wani ƙato mai wuya kamar turmi, mai haƙuri kamar damo. Sun zauna a wani flat na council, gidan hayar hukuma, a bayan Old Kent Road, hawa na huɗu, suka haifi 'ya ɗaya, Yusra, wadda in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci kamar ka zage ta.

Aikin Luba na gaskiya kuwa ba goge-goge ba ne. Maje yana da minshari irin wanda maƙwabta ke buga bango. Minsharin da sauƙi, shirun ne abin tsoro. Yana cikin ja sai numfashin ya ɗauke ɗif, ƙirjin ya tsaya kamar an danne shi da dutse. Luba ta koyi barci da kunne ɗaya. Da ta ji shiru sai ta fara Subhanallahi a zuci, in ta kai goma sha biyar bai dawo ba ta kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari. Sai ya ja iska da ƙarfi, ido a rufe, ya ce, "Ina nan, Luba." Shekara da shekaru haka. An ce barci ƙanin mutuwa ne, to ita ce mai tsayawa tsakanin wa da ƙani.

Daga baya asibiti suka auna shi, suka ba shi wani inji kamar ƙaramar rediyo, da tiyo da takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, yana tura masa iska. Minshari ya tafi, shiru ya tafi. Yusra ta haɗa injin da wayar ubanta, kullum in ya tashi sai wayar ta nuna awa nawa ya yi, da wata 'yar fuska ruwan ɗorawa tana murmushi.

"To, Hajiya, an yi miki ritaya," in ji Maje.

"Bature ya ƙera mai tura iska," ta ce, "mu ga ya ƙera mai dafa maka miyar kuka."

A shekarar da aka buɗe hanya bayan korona, Maje ya ce zai je gida ya ga 'yan uwa, sati uku. Akwati ya cika da tsaraba, turare da takalma da maganin ciwon gwiwa na mutanen gari. Ba wurin inji. Ya ce ai ko ya kai shi ba wutar da za ta riƙe shi. Kun san mazanmu, gara a ce sun bar numfashinsu a baya da a ce sun zo hannu rabbana. Kwana shida da saukarsa Kano ya kwanta bai tashi ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Luba a waya ta ji. Abu ɗaya ta tambaya, wa ya kwana kusa da shi. Aka ce shi kaɗai, an ba shi ɗakin baƙi don girmamawa.

Kano ta san Maje ya rasu. Landan ba wanda ya gaya mata. Wasiƙu suka ci gaba da zuwa da sunansa, Luba tana tara su a gwangwanin biskit, don ba ta ga dalilin buɗe takardar mamaci ba. Ranar sadakar arba'in ita da Yusra suka yarda a ba da kayansa sadaka, ladan ya kai masa. Aka kira Alhaji Fatawu, wani ɗan zangon Kumasi mai riƙe da mabuɗin masallacin unguwa, ya kwashe riguna da huluna da takalma a jakunkuna. Injin ma aka jefa shi ciki. Ba wanda ya tuna kayan asibiti ne, aro aka ba shi. Wayarsa kuwa, da aka aiko daga Kano, Luba ta riƙe.

Tana cikin wata na uku na takaba, wata Talata da hantsi, waya ta yi ƙara. Wata Baturiya ce daga sashen barci na asibiti, tana neman Mista Maje. Turancin Luba na aiki ne, amma ya ishe ta. Matar ta ce sun aiko wasiƙa har uku. Kamfanin da ya ƙera injin ya yi recall, wato yana kiran kayansa su dawo, kuma hukumar gwamnati mai sa ido kan magunguna da kayan asibiti ta sa a bi duk mai irinsa a sanar da shi. Akwai wani soso a ciki da aka sa don rage ƙara, yana iya ruɓewa ya zama baƙin gari, iska ta tura shi cikin huhun mutum.

Luba ta buɗe baki za ta ce ya rasu. Matar ta riga ta.

"Muna gani a nan jiya ma ya yi amfani da shi, awa biyar da minti arba'in. Daga tara na safe. Ya koma aikin dare ne?"

Ɗakin ya yi sanyi. Luba ta dubi gefen gadon da ba a kwanta ba tun tafiyarsa. Ta ji bakinta ya ce, "Zan gaya masa."

Ta jona wayar Maje a wuta. Da la'asar ta haska da kanta. Ga lamba, ga 'yar fuskar tana murmushi.

Ba wawiya ba ce Luba. Ta san mamaci ba ya dawowa, ta san wani ɗan mutane ne ya sami injin a cikin kayan sadaka. Hankalinta ya san haka sarai. Amma zuciya ba ta zuwa makarantar hankali. Wata uku ba wanda ya ce mata Maje ya yi wani abu jiya. Yanzu ga shi kullum la'asar ana kawo mata labarin barcinsa. Sai ta riƙa idar da salla ta zauna a kan darduma, wayar a cinyarta, tana jira. Awa biyar. Awa shida. Wani lokaci da hantsi, in motoci suka lafa, takan ji kamar hucin injin daga ɗaki, fuuu, fuuu, ta miƙe ta leƙa, ba komai sai labule yana motsi. Ba ta gaya wa Yusra ba. Kwana tara ta yi a haka, kuma duk wanda ya ce ba ta yi laifi ba, ba ya son ta da gaskiya.

Lamba ce ta tashe ta. Shida ta koma takwas, takwas ta koma tara. Ranar Alhamis wayar ba ta haska da la'asar ba sai bayan magariba, awa goma sha ɗaya, fuskar tana ta murmushinta. Mai lafiya ba ya barcin awa goma sha ɗaya da rana tsaka. Ta jawo aljihun gado inda tsohon tiyon Maje yake, ta kaɗa shi a kan farin hijabinta. Wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo kamar garin masoro. Ta tuna tarin da ya yi ta yi a shekararsa ta ƙarshe, suna cewa hayaƙin bas ne. Ko shi ne ko ba shi ba, Allah kaɗai ya sani.

Washegari ta ɗauki lemarta ta fita, karo na farko tun da ta shiga takaba. Ta sami Fatawu yana share ƙofar masallaci, ya tarbe ta da Hausarsa ta zango mai ce wa mace "kai".

"Hajiya! Kai da takaba, me ya fito da kai?"

"Rai ya fito da ni. Wa ka ba injin Maje?"

"Inji? Wannan rediyo mai wutsiya? Na ba Nata'ala, mai gadin dare a Stratford. Mutanen gidansa za su kore shi don minshari. Na ce ga na marigayi, lada biyu."

"Lada biyu! Ka ɗauki maganin wani ka ɗura wa wani, kamar goro kake rabo. Wuce mu je."

"Hajiya, ai kai ka sa a jaka."

Wannan ta haɗiye ta, don gaskiya ce.

Gidan haya ne, kowa da ɗakinsa. Suka buga ƙofar Nata'ala, shiru. Daga ciki kuwa ana jin fuuu, fuuu, daidai yadda ta san shi. Fatawu ya murɗa, ƙofa ta buɗe. An ja labule, ɗakin duhu-duhu ga rana a waje. A kan gado ga mutum kwance rigingine, sanye da jallabiyar Maje ruwan toka mai ƙunar dutsen guga a hannun hagu, ƙunar da ita ta yi. Takunkumin ya rufe rabin fuskar. Ƙamshin turaren Maje bai gama fita daga rigar ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Sai ta ga gumi a goshinsa, da baƙin ɗigo a kan matashi. Ta taka ta zare wayar wutar injin daga bango.

Injin ya yi shiru. Mutumin ya ja minshari ɗaya, biyu, sai ɗif. Ƙirji ya tsaya. Fatawu ya fara salati. Luba kuwa leɓenta ya riga ya kama aikinsa. Subhanallahi, Subhanallahi. Ta kai goma. Ta kai goma sha biyar. Gwiwar hannunta ta ɗaga da kanta, ta tuna ba muharraminta ba ne, ta juya lema ta zungure shi a haƙarƙari.

Ya ja iska da ƙarfi. Ta tsaya tana jiran maganar.

Ya fizge takunkumin, ya yi tari mai tsawo, ya dube ta da jajayen idanu. "Hajiya? Lafiya?"

"Lafiyar ke nan ka gani," ta ce. "Tashi, ɗan nan. Kayan aro ba ya rufe katara. Asibiti za ka."

Suka kai shi. Aka ce ƙirjinsa ya kamu, aka riƙe shi kwana huɗu, likita bai yanke cewa soson ne ba, bai kuma wanke shi ba. Daga baya aka auna barcinsa aka ba shi nasa injin, da sunansa.

Na Maje kuwa, Luba ce ta kai shi da hannunta ranar Litinin, a cikin jakar leda, Yusra na biye da ita da gwangwanin wasiƙu da takardar shaidar rasuwa da aka aiko daga Kano. Baturiyar ta karanta takardar, ta dubi kwamfuta, ta sake duban takardar. Ta tambaya a hankali ko ranar rasuwar da aka rubuta daidai ce.

"Daidai ce," in ji Luba. "Rubuta."

Matar ta danna 'yan maɓallai. Abin bai kai minti ɗaya ba.

Da la'asar Luba ta idar da salla ta zauna a kan darduma, wayar a cinyarta. Ba ta haska ba. Ta jira har aka yi magariba, sannan ta kashe ta, ta naɗe ta a cikin hularsa guda ɗaya da ta ɓoye wa Fatawu, ta sa a aljihun gado. Saura kwana ashirin da shida ta fita takaba, ta koma goge-gogenta a Bloomsbury.