Ranar da Malam Sabi'u Ya Zo Ajiye Aiki

A duk shekarun da na yi ina aikin jinya a asibitin wani kamfanin sarrafa fata da ke Challawa, akwai wata Litinin da har yau ba ta fita daga raina ba.

Bari in fara yi wa sababbinmu a aikin jinya bayani. Duk shekara kamfani kan yi wa ma'aikata gwajin lafiya, a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji a cikin gari. Sakamakon a rufe yake zuwa hannuna, ko manaja ba ya gani. Wanda aka samu wani abu a jininsa, ni ke kiransa shi kaɗai in faɗa masa, sannan in haɗa shi da likitan da ke zuwa mana duk Talata.

A waccan shekarar aka ga alamar ciwon hanta nau'in C a jinin Malam Sabi'u. Dattijo ne ɗan Ringim, shi ke kula da manyan gangunan jiƙa fata, kuma kaf sashensu ba wanda ya kai shi barkwanci. Ranar Alhamis na zaunar da shi na yi masa bayani, yana ta gyaɗa kai yana cewa, "To, Sista." Na ɗauka ya gane.

Litinin da safe sai ga shi cikin farar shadda, ba kayan aiki ba. Ya ajiye mini takardar barin aiki a tebur.

"Sista, ki miƙa mini wannan ofishin ma'aikata. Ringim zan koma, gara ta same ni cikin dangina."

Na ce, "Wace ce za ta same ku, Malam?"

"Mutuwa mana. Ai na ga yadda ciwon nan yake yi da mutum."

"A ina kuka gani?"

"A talabijin."

Ashe iyalinsa a Zawaciki suna bin wani wasan kwaikwayo na asibiti da aka juya zuwa Hausa. An nuna wani mai irin ciwon ana ta ɗirka masa allurai, gashinsa ya zube, likitoci sun rufe jiki ruf kafin su shiga wurinsa, daga ƙarshe ya mutu ana neman wanda zai ba shi hanta. Tun daren Alhamis matarsa, Malama Rabi, ta ware masa kwano da kofi, aka hana jikoki hawa cinyarsa.

Dariya ta taso mini, sai na ga da gaske yake. Na haɗiye ta. Na ce masa gaskiya ne a da ana yin allurai masu wahalarwa, amma an daɗe da barinsu. Yanzu ƙwaya ɗaya ce kullum har wata uku, kuma yawancin mutane warkewa suke sarai.

Ya ce, "Amma Sista, su fa likitoci ne, har da fararen riguna."

Na ce, "Malam, 'yan wasa ne. Wanda kuka ga ya mutu, ana gama ɗauka ya tashi ya tafi cin shinkafa."

Ya ɗauki takardarsa ya tura aljihu. "Zuwa gobe dai," in ji shi.

Washegari ya zo da Malama Rabi. Likita ya sa aka yi gwaji na biyu don tabbatar da ƙwayar cutar tana nan, aka duba lafiyar hantar, ita ma matar aka gwada ta, ba ta da komai. Tambayarta ɗaya ce: "To, likita, kwanon fa?" Ya ce ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa, ciwon ta jini yake bi, ba ta abinci ba. Reza da abin yanke farce da buroshi ne kawai nasa shi kaɗai.

Da gwajin ya tabbatar aka ba shi magani, Malam Sabi'u ya ce ba zai sha shi a gida ba, sai a gabana. Kullum kafin ya shiga aiki zai leƙo, ya haɗiye ƙwayarsa, ya cire hula ya shafa kai ya ce, "Sista, yau ma gashin bai zube ba." Mutumin da tun da na san shi sanƙo ne tal.

Ƙa'ida ita ce bayan an gama magani a jira wata uku a sake gwaji. Ranar da sakamakon ya zo, na aika aka kira shi daga wurin gangunan. Ya shigo da takalman roba, hannu duk ruwa. Na ce, "Malam, ba a ga komai ba. Kun warke."

Nan ƙasa ya yi sujada. Yana ɗagowa ya fita a guje, ina jiyo muryarsa har bakin sashensu yana faɗa wa kowa da bakinsa sirrin da na rufa masa tsawon watanni. Kafin mako ya ƙare, ma'aikatan da suka saba gudun gwaji sun cika mini benci.

Tun daga nan na sauya yadda nake aiki. Mara lafiya ba ya shigowa da kai fanko, ya riga ya ji wani abu, ko ya gani. Don haka kafin in buɗe baki in yi bayani, sai na fara tambaya: "Me kuka sani game da ciwon nan, kuma wa ya faɗa muku?"