Garin da Buhunan Gyaɗarmu Suka Fito

Ina amarya a Yalwa ta Rano lokacin da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano. Maigidana ya kai kaya a jakuna, ya dawo da sababbin buhuna da surutu. Wai wani Ba'indiye Musulmi ya ce masa daga ƙasarsu ake kawo buhunan, har ya ba shi labarin birninsu, Daka.

Uwar mijina ta ce, "Dakan me suke yi?"

Maigida ya ce, "Inna, sunan garin ne. A bakin kogi yake, kasuwa ma a kwalekwale ake zuwa. Kullum shinkafa da kifi. Sarakunansu Musulmi ne, Turawa suka ci su da yaƙi kamar namu. Masaƙansu na da kuwa, rigar da suka saƙa ta cikin zobe take wucewa."

"Ashe tsirara suke yawo. Yanzu fa?"

"Yanzu wata irin rama suke nomawa, su yi buhu da ita."

Inna ta yi salati, ta ce mutanen da ke da rama ba su san kwaɗo ba, addu'a suke bukata. Na tuntsire da dariya, maigida ya yi fushi ya ƙi cin tuwona.