Keken Goggo da Shagon Ƙanina

Ƙanina yana sayar da kwamfutoci na hannu a Jimeta, kuma mutum ne mai saurin karaya. Bara ya same ni a gida fuska a murtuke, wai zai karyar da kayansa ya rufe shago. Ya ji an ce sabuwar basirar na'ura, wadda ake tambaya ta ba da amsa, ta daina cin ƙarfin inji kamar da. To wa zai ƙara neman babbar kwamfuta? Raina ya ɓaci, don da shagon nan yake ciyar da gidansa.

Sai na tuna masa da Goggo, ƙanwar mahaifinmu. Lokacin da rikici ya koro ta daga garinsu, a wurinmu ta sauka a unguwar Limawa, ba ta da komai sai tsohon keken ɗinki na juyawa da hannu. Muka ga tana wahala, muka haɗu muka saya mata na lantarki don ta riƙa gamawa da wuri ta huta. Ina fa hutu. Da matan unguwa suka ga ɗinki ya yi sauri ya yi araha, ankon da a da sai biki ya koma har ranar suna da saukar karatu. Matan zumunta na coci ma suka kawo nasu. Kafin a jima keke ɗaya ya kasa, ta ƙaro na biyu, ta ƙaro na uku.

Na ce masa abin da ya yi sauƙi mutane ba sa rage shi, ƙari suke yi. Ya ce, "Hamma, in ka yi kuskure fa?" Na ce ya ba shagon damina ɗaya.

Ban yi kuskure ba. Ɗalibai da ma'aikata suka ɗanɗana abin a waya, wayar ta yi musu kaɗan, suka biyo shi shago. Yanzu kaya ba sa daɗewa a kantarsa.

Na ji daɗi, amma daɗin bai cika ba. Rabin labarin kawai na tuna a ranar. Goggo har idonta ya dushe ba ta samu hutun da muka saya mata ba. Ƙanina kuwa, da kowace Juma'a tare muke cin tuwo a gidana bayan an sauko daga masallaci. Yanzu ciniki ba ya barinsa ya zo, matata tana zuba nasa ta rufe, da yamma yara su cinye.