Fim Ɗin da Na Jefa a Shara

Lokacin da wannan abu ya faru ina shekarata ta biyu da zuwa karatu Alƙahira, ilimi kaɗan, zafin kai da yawa. Duk abin da ban gane ba, haramun ne a wurina. Muna haya a unguwar Faisal, ni da wani dattijo tela, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro. Kakanninsa daga ƙasar Kano suka tashi da niyyar aikin hajji, suka yada zango a Sudan. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa da shi. Kullum bayan la'asar sai ya rufe keken ɗinki, ya soka filasha a talabijin, ya kunna wani tsohon fim na Turawan Amurka, mutane ne da iyalansu cikin kekunan shanu masu rumfa, suna keta daji da koguna suna neman inda za su zauna. Wannan fim kaɗai yake kallo, kullum shi. Na yi masa wa'azi sau biyu, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, bai fasa ba. Wata rana yana masallaci na zare filashar na jefa a shara. Da ya dawo na faɗa masa da bakina, har ina jin na yi aikin lada. Ya dube ni kawai, ya shige ɗaki.

Kwana biyar keken ɗinki bai yi motsi ba. Na sayo masa ful, dafaffen waken da ake karyawa da shi, da safe, na tarar da shi da yamma yadda na ajiye. Ran Juma'a 'yar ƙanwarsa ta zo daga unguwar Hadayek el-Maadi, ta tambaye ni abin da ya sami kawunta, na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da suka gudo ta hamada a bayan a-kori-kura, matarsa mai ciwon suga ta rasu a rana ta uku. Direba ya ƙi jira, babu ruwan da za a yi mata wanka, da hannu suka tona rairayi suka rufe ta. Tun daga ranar bai ƙara ambaton sunanta ba. Ta ce a fim ɗin akwai inda aka binne wata mata a gefen hanya, mijinta ya hau keke ya ci gaba da kora shanu, daga ƙarshe ya isa, ya kafa gida. Wannan mutumin Baba yake zama ya gani.

Na ƙudurta sai na nemo masa wani, amma ban san sunan fim ɗin ba. Kwana uku ina bin shagunan masu tura finafinai ina kwatance da Larabcina na littafi, matasa na yi mini dariya, har na dace da wani tsohon Bamisire da ya gane shi tun ban gama bayani ba. Ya tura mini a filasha, na kai wa Baba, na durƙusa na nemi gafara. Ya ce khalas, ya wuce, amma in zauna in karanta masa fassarar Larabcin da ke ƙasa, don idonsa ba ya gani sosai. Ashe duk watannin nan bai san me suke cewa ba.

Da muka zo wurin binnewar, na karanta masa abin da mijin ya faɗa, cewa ita ce ta fi shi son wannan tafiya. Baba ya ce in tsayar. Sai ya kira sunan matarsa, ya ce ita ma haka, ita ta matsa su fito don jikokinsu su rayu. Ya yi kuka sosai, muka yi mata addu'a tare. Washegari ƙarar keken ɗinki ce ta tashe ni. Yanzu ya sami gefen shago a bakin titi, jikokin kuma sun shiga makaranta.

'Yan'uwana ɗalibai, ban ce ku bar gyara ba. Amma kafin ku ƙwace wani abu daga hannun mutum, ku zauna ku tambaye shi abin da yake yi da shi. Ni wata takwas muna cin abinci a kwano ɗaya da Baba, ban taɓa tambayarsa yadda ya iso Masar ba.