Cocin da Ya Mutu Sau Biyu

Shekara talatin da huɗu Tsoho yana katikis a wata 'yar unguwa bayan Ruwan Bago, a ƙasar Rogo. Shi ke buga ƙarfen kiran jama'a ran Lahadi, shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke yaɓe bangon cocin bayan kowace damina. Mahaifinsa ne ya kafa cocin da kara da laka. Duk wannan wahala Tsoho bai taɓa ƙorafi ba, sai da dayosis, hukumar da ke kula da cocin yankin, ta tashi rubuta tarihinta.

Mutanen unguwar suna da wata ɗabi'a mai ban haushi: wurinsu ba shi da suna sai na dattijon da ya girme kowa a raye. Da Gidan Badaru ne. Badaru ya rasu, ya koma Gidan Sulle. Sulle ya bi shi, aka wayi gari Gidan Maikuɗi. Kowane sabon Fada kuwa, wato limamin coci, abin da ya ji a bakin mutane shi yake rubutawa.

Da takardar gwajin littafin tarihin ta iso daga birni, Tsoho ya karanta, ransa ya ɓaci. Wai coci uku ne: biyu sun mutu, na ukun kuma jariri ne ɗan shekara shida. Sunan mahaifinsa ko a gefen shafi babu.

Sau huɗu yana hawa motar Karaye zuwa ofishin dayosis a birni, da tsohon littafin baftisma a hammata. Ya nuna musu rubutun hannunsa ne a shafukan duka ukun, ya rantse ginin bai taɓa gusawa ko taku ɗaya ba. A zuwa na huɗu ma'aikaciyar ofishin ta gaji, ta ce za a gyara, amma da sharaɗi.

"Baba, sunan nan kada ya sake canzawa kafin a buga littafin."

Ya dawo da murna, ya tarar da tabarmin makoki a ƙofar gidan Maikuɗi. Maikuɗi ya cika tun hantsi.

Kwana bakwai ba su yi ba, wani mai babur ya tsaya yana tambayar Tasalla, matar Tsoho, ko nan ne Gidan Tsoho. Sai a lokacin Tsoho ya lura babu wanda ya girme shi a unguwar.

Ya fito da gudu ba takalmi. "Maikuɗi! Gidan Maikuɗi ne!"

Mai babur ya dube shi, ya ce shi dai haka aka kwatanta masa a kasuwa.